Iska a Birkin Baba Jatau

"Taka, Inna! Taka kuma! To, riƙe nan!"

Sama'ila makanike yana kwance a ƙarƙashin motar, man birki yana ɗiga masa a goshi. Inna Lantana, matar mai motar, tana kujerar direba, ta tattare zane, ta danne birki da ƙafa kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Ya sassauta ɗan noti, man ya fito da kumfa, ya mayar ya ɗaure.

"Har yanzu da iska ciki," ya ce.

"Ai na hwaɗa muku," in ji A'i maƙwabciya daga kan katanga. "Motar da ta yi shekara da shekaru tana ɗaukar gawa, mi zai hana iska shiga ta? Ku bari in kawo turare."

Baba Jatau, mai motar, ya yi dariya a kan tabarmarsa har tari ya sarƙe shi.

Fijo ce kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, ta girmi Sama'ila nesa ba kusa ba. Shekara talatin Baba Jatau ya yi yana jigila da ita tsakanin Dogon Dutsi da Dogon Kiriya. Da ya bar hanya sai ta zama motar unguwa: ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai mamaci maƙabarta. Aibinta ɗaya, birki. Sai an taka sau uku, a na huɗun a miƙe tsaye a kansa, kuma Baba Jatau kaɗai ya san lagonta. Ran da Malam Ashiru na lakwal, malamin makarantar boko, ya are ta, a teburin mai shayi ya tsaya.

Yanzu ƙafafun tsohon sun kumbura, wata biyu bai tuƙa ba. Shi ya sa Sama'ila bai yi mamaki ba da ya kira shi ya ce a sa mata birki mai taushi. Ya samo mastabak na wata Fijo da ta fi wannan ƙuruciya, wani baƙin abu ne kamar tukunya, ya huda ƙarfen gaban direba ya ɗaura shi, ya rage tsawon sandar birkin, ya ja tiyo zuwa inji. A aikinsa ba ya shakkar kowa a garin nan, kuma yana da gaskiya.

"Wanga abu da iska yake aiki, Baba," ya gaya masa ran farko. "Inji ya zuƙe iskar, shi kuma ya taya ka takawa."

"Ikon Allah. Na tsuhwa ina korar iska daga birki, yau ita za ta taka mini."

Amma kwana uku ke nan birkin yana lotsawa kamar an taka soso, kuma abin ya fara ci wa Sama'ila rai.

"Bar shi zuwa Jumma'a, Baba," ya ce yana goge hannu. "Ƙahwar ma ba ta sace ba tukuna. Ina gaggawa?"

Tsohon ya yafito shi, ya matso ya tsuguna.

"Kai kana tsammanin don ƙahwata nika yi? Ni na gama tuƙi, Sama'ila. Duk wanda ya rasu a unguwar ga ni na kai shi, ban taɓa girgiza ko guda ba a gangaren nan. In nawa ya zo, wa zai tsai da ita? Ashiru?" Ya numfasa. "Ba ni son a ɗauko motar wani wuri. Kuma ba ni son a wuntsila ni gaban mutane."

Sama'ila ya dubi Inna Lantana. Ba ta ɗago kai ba, tana ta gyara bakin zanenta. Ashe ita ta sani tun tuni. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi, don shi duk lissafinsa a kan Jumma'a yake.

"Daga wace ƙahwar motar kake hwarawa?" Baba Jatau ya tambaya.

"Ta gaba."

"Shi ya sa. Wagga tsohuwa ce, tiyonta na baya yana da doro, nan iskar ke laɓewa. Ɗaga bayanta, ka hwara da ta dama can nesa, ka ƙwanƙwasa tiyon da kile, ƙarhen kwance notin nan naka."

Da hantsi washegari ya yi yadda aka ce. Kumfa ta fito jere da jere, sannan mai tsantsa. Ya ce Inna ta taka ta riƙe, shi kuma ya miƙa hannu ta taga ya tada inji.

"Wayyo, ya gudu mini ƙarƙashin ƙahwa!"

"Shi ke nan, Inna, ya kama! Haka ake so."

Tsohon bai iya fitowa tsakar gida ba ran nan. Sama'ila ya zaga unguwa da motar, ya dawo ya tsaya daidai tagar ɗakinsa, ya leƙa.

"Ban ji kun tsaya ba," Baba Jatau ya ce da ƙyar.

"Mun tsaya, Baba."

"Madalla. Da yatsa hwa, ba da dunduniya ba."

Ana kiran azahar Baba Jatau ya cika. Kafin la'asar an yi masa wanka da sutura, an sallace shi a ƙofar gida. A'i ta kawo turarenta bayan duk, ta turara bayan motar, ba wanda ya hana ta. Inna Lantana ta aiko da makulli a ba Sama'ila.

Aka ɗora makara, maza huɗu suka zauna gefe da gefe, sauran jama'a suka biyo a ƙafa. Sama'ila ya tuƙa a hankali, idonsa yana cika yana sharewa da hannun riga. Suna shiga gangaren maƙabarta sai ga shanun Buba makiyayi sun ɓullo daga kwari za su tsallaka hanya, ba ko zira'i goma tsakani. Malam Ashiru da ke gefensa ya dafe ƙofa yana salati.

Sama'ila ya ɗora babban yatsan ƙafarsa a kan birki ya taɓa.

Motar ta tsaya. Ya duba madubi: makara tana nan inda aka ajiye ta, mazan da ke baya ko dafawa ba su yi ba. Casbin Baba Jatau da ke rataye a madubin ya ɗan yi gaba, ya dawo, ya tsaya. Suka jira har ɗan maraƙi na ƙarshe ya wuce.