Likitar Gidan Malam Lawal

Tun ranar da takalmin Mariyamu ya ƙi shiga ƙafarta aka gargaɗi mijinta Malam Lawal, amma bai ji ba.

Ƙanenta Bawa ne ya yi gargaɗin, direban da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ya shiga ya gaishe ta, ya fito ya sami Malam Lawal a tasha, inda ya yi shekara ashirin yana aikin kamasho.

"Yaya, kumburin nan bai yi mani ba. Mu kai ta asibiti Katsina gobe, motata ba kowa."

"Kai da ka san taya da birki, mi ka sani ga ciwo? Muna da likita a gida. Saura sati ukku ta gama jarrabawa."

Bawa ya girgiza kai. "To, Baban Lokotoro. Allah shi sa mu dace."

Haka direbobin Nijar ke kiransa, don lokotoro suke ce wa likita, kuma sunan yana yi masa daɗi.

Zaituna ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba, kamar yadda ubansa bai taɓa kama na yayansa ba. Tana ƙarama "ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan". Da ta sami jami'a, sai ta tsuguna nesa da shi, kanta a ƙasa, ta faɗi sunan karatun da Turanci. Dogon suna ne, shi kuwa iyakarsa aji shida na firamare. Kunnensa ya tsinci "medikal" a ciki, kunya ta hana shi cewa ta maimaita. Daga ranar ya huta, ya sami sunan da zai riƙa kiranta. Likita ta tafi, Likita ta dawo, a kai wa Likita fura. Shekara uku ke nan tana amsawa.

Ya hana kowa ya gaya mata ciwon uwarta, kada hankalinta ya rabu. Ya sayo ƙwayoyin ciwon jiki wajen mai talla a bakin iyaka, Mariyamu tana sha safe da yamma. Kumburin ya hau gwiwa, ya kai fuska. Abinci ya daina zama a cikinta. Kullum in ya dawo sai ya tsaya bakin ɗaki ya ce, "Ki daure, ta kusa." Mariyamu kuwa, da yake ita ma kunyar 'yar fari take yi, ba ta taɓa cewa a kira ta ba. Ƙofa kawai take kallo.

Zaituna ta iso da hantsi ranar wata Laraba. Ta ajiye jaka, ta shiga ɗaki da murmushi, sai murmushin ya ɗauke. Ta danna ƙafar uwarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Inna, tun yaushe?"

Malam Lawal ne ya amsa daga tsakar gida, har da ɗan alfahari. "Ke muke jira, Likita. Duba ta, ki rubuta abin da za a sawo."

Ta fito. Ba ta taɓa kallon idonsa ba sai ranar.

"Baba, ni ba likita ba ce."

"Ai kin kusa."

"Ko na gama ba zan zama ba. Mu jini muke aunawa, mu duba ƙwayoyin cuta, mu yi bincike a kan yadda ciwo ke cin jiki. Ba a koya mana duba marar lafiya ba."

"To mi ya sa kike amsawa?"

"Na zaci suna ne kawai, Baba. Tunda ba ka faɗin nawa."

Ita ce ta ɗauki wayarsa ta kira Bawa.

A asibiti aka ɗebi jinin Mariyamu. Da takardar ta fito, Zaituna ta karɓa kafin a kai wa likita. Malam Lawal yana kallonta tana bin lambobin da yatsa. Ya ga yatsan ya tsaya a wani layi, ya ga ta jingina da bango. A nan ya gane lallai 'yarsa ta yi karatu, don ta riga kowa sanin abin da ke ciki, kuma babu abin da za ta iya yi a kai.

"Ƙoda ce," in ji ta. "Duka biyun. Waɗanne magunguna take sha?"

Ya zaro ragowar ƙwayoyin daga aljihu. Ta karanta bayan takardarsu, ta rufe ido, ta mayar masa. Da ma ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Likitan da ya zo saurayi ne, bai girmi Zaituna da yawa ba. Ya ce za a fara wankin ƙoda, sannan ya tambaya me ya sa ba a zo da wuri ba. Bawa ya dubi ƙasa. Zaituna ta ce, "Ba mu gane ba ne," ta haɗa da kanta a cikin laifin.

Da aka shige da Mariyamu, uban da 'yar suka zauna a benci ɗaya, da tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Yana so ya kira ta ya ba ta haƙuri. Likita ba ya faɗuwa yanzu, ainihin sunan kuma bakinsa bai saba ba. Ya motsa leɓe sau biyu.

"Zaituna."

Ta juyo a firgice, kamar baƙo ne ya kira ta, sai hawaye.

"Da na kawo ta tun ranar da Bawa ya ce, da ta tsira?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

Yau kwana goma sha ɗaya Mariyamu tana kwance. An yi mata wanki sau huɗu. Likitoci sun ce wata ƙodar takan farfaɗo, wata ba ta farfaɗowa, kuma har yanzu ba su san wace iri ce tata ba.