Muryar Baba da Amfilifaya ta Biyu

Duk unguwarmu a Yendi an san ni, Barikisu, da mita a kan kayan sautin maigidana Zuberu. Fataucin albasa yake yi, amma da ya shiga falo sai ya koma injiniya. Lasifika biyu, amfilifaya biyu masu ƙara ƙarfin sauti, wayoyi cunkus a bayan kujera kamar taliya. Wai kowace lasifika baki biyu gare ta, babba na sautin ƙasa, ƙarami na sautin sama, kuma kowanne da amfilifayarsa da wayarsa. Nakan ce, "Baban Fauziya, kai dai ba ka da aikin yi."

Ranar addu'ar cikar shekara da rasuwar Babana, Zuberu na can Bawku, motar albasa ta lalace masa. Mahaifiyata, Mma, ta iso daga Salaga da wani kaset naɗe cikin ɗankwali. Shi kaɗai ya rage mai muryar Baba yana karatun Alƙur'ani. Abu ɗaya ta roƙa, in malamai sun shafa fatiha a sa mata shi.

To, mu in za a yi taro, falo ake kwashewa a shimfiɗa tabarmi. Mata suka fito da kayan sautin tsakar gida. Goggo Anisatu, ƙanwar Baba, ta dubi amfilifaya biyu ta ce ai wannan ɓarna ce, ɗaya ta isa. Ta cusa ɗayar ƙarƙashin gado da wayoyinta. Ni kuwa har da cewa madalla.

Aka sa kaset. Innalillahi! Wani gunji ya fito kamar ana magana cikin tulu, ko harafi ba a ganewa. Mma ta kasa kunne, ta sake kasawa, sai idonta ya cika.

"Wannan ba Malam ba ne," ta ce, don haka take kiran Baba. "Zafin mota ya cinye mini kaset ɗin."

Na shige ɗaki na kira Zuberu.

"Baban Fauziya, kaset ɗin Baba ya lalace!"

"Tsaya. Amfilifaya nawa kuka haɗa?"

"Ɗaya."

"Kai, Barikisu! Dubi bayan lasifika. Maƙalan waya huɗu ne, ko? Biyun sama babu komai?"

Na leƙa, haka ne. Ya ce babban baki kaɗai ke aiki, ƙaramin da ke fitar da kaifin murya yana zaune banza. Na durƙusa da leshina na jawo amfilifayar daga ƙarƙashin gado. Yana faɗa ina ɗaurawa, ja a ja, baƙi a baƙi, Goggo na tsaye kaina tana cewa ita dai ba ta ga bambanci ba.

Na mayar da kaset farko, na danna.

Ba karatu ne ya fara fitowa ba. Gyaran murya ne, da ɗan tarin nan da Baba ke yi kullum kafin bisimilla, tsaf kamar yana zaune a kan buzunsa. Na sauke wata ajiyar zuciya, na zauna daɓas a ƙasa, wayar tana kunnena Zuberu na ta "Ya yi? Ya yi?"

Mma ba ta dubi kowa ba. Ta gyara mayafinta, ta juya wajen lasifikar, ta ce a hankali, "Sannu, Malam. A kawo ruwa?"