Gam a Kan Kan Sarki

Shekara ashirin da uku ina aiki a gidan wayar unguwarmu a Amagasaki, ban taɓa jin kunya a bakin aiki ba sai ranar wata Alhamis a damunar 1988.

Ina tsaye ina rarraba wasiƙun ƙasashen waje sai Sakaguchi, shugaban sashenmu, ya yafito ni da hannu. Tare muka kama aiki da shi, shi ya yi gaba ni na tsaya. Ya ja ni bayan buhunan wasiƙu, ya ɗaga wani ambulan mai kauri ya kara shi da hasken taga.

"Mutumina, me ka gani?"

Kan sarki huɗu ne a jiki, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Na san abin. Gam ake shafawa a samansu a bar shi ya bushe. In an buga hatimi, a kan gam ɗin tawada za ta zauna. Wanda ya karɓi saƙon ya goge da ruwa, ya mayar wa mai shi, a sake liƙawa.

"Wani ɗan iska ne," na ce. "A rubuta rahoto."

"To juya ka ga sunan ɗan iskan."

Na juya. Adireshin gidana ne, da rubutun 'yata Chizuru. Brazil saƙon zai tafi.

Sakaguchi ya cusa mini ambulan ɗin cikin aljihun riga. "Ni dai idona ya fara mutuwa, ban ga komai ba. Amma wannan ne na uku, Kuniyoshi. Na huɗu ba lallai ta hannuna zai bi ba."

Chizuru tana da shekara goma sha bakwai a lokacin. Wata takwas ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Wata safiya ce ta ce ba za ta makaranta ba, ba ta faɗi dalili ba, ta ja ƙofar ɗakinta ta rufe. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo malaminta har gida. Daga baya ta daina yi mini magana gaba ɗaya. Mahaifiyarta, Tomie, ke ajiye mata abinci a bakin ƙofa.

Abu ɗaya ya rage da ke shiga ɗakin yana fita, wato kaset. Kiɗan nan ne da suke kira tirash, mai gudu kamar an koro shi. Ba a sayar da irin waɗanda take so a shagunanmu. Yara ne a Jamus da Brazil da Amurka ke kwafar wa juna suna aikawa, kowa ya ba da na garinsu. Tomie ke jefa mata nata a akwatin wasiƙa in za ta cefane. Ni kuwa da hannuna nake kawo amsoshin gida, ban taɓa tambayar da me take biyan kuɗin aikawa ba.

Da na nuna wa Tomie, sai ta ajiye cokalin miya.

"Baban Chizuru, don Allah ka saya mata kan sarki ka yi shiru. In ka yi mata tsawa ta daina rubuta wa mutanen nan, da wa za ta riƙa magana? Da bango?"

"To in aka kama ta fa?"

"Sai ka ce kai ka yi."

Har Lahadi ambulan ɗin na cikin aljihuna. Ba korar aiki nake tsoro ba. Tsorona in buɗe baki in rufe ƙofa ɗaya da ta rage mata.

Ranar Lahadi bayan abincin rana na zauna a ƙasa a bakin ɗakinta. Na tura ambulan ɗin ta ƙarƙashin ƙofa. Kiɗan ya tsaya.

"Ban buɗe ba," na ce. "Amma ba zai tafi a haka ba."

Ina nan zaune har ƙafata ta fara sanyi. Can na ji muryarta, ta ɗan dishe.

"Kowa haka yake yi."

"Wane ne kowa?"

"Kowa mana, Baba. In ba haka ba ai ba wanda zai iya. Kaset ɗaya zuwa Brazil ya fi kuɗin abincin rana biyu."

Rabon da ta kira ni Baba tun hunturu. Na riƙe gwiwata don kada in yi saurin magana.

"Me ke ciki?"

"Ba za ka so ba."

"Ai ban ce zan so ba. Shekara ashirin da uku ina ɗaukar kayan mutane ban san me ke ciki ba. Yau dai ina son in sani."

Ƙofar ta ja gefe kamar faɗin tafin hannu. Ban ga fuskarta ba, sai hannunta ya miƙo abin ji na kunne da doguwar waya. Na saka.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Ganga kamar injin buga hatimi in ya ƙwace, jita kamar ana yankan kwano da zarto, wani kuma yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Na daure. Bayan ɗan lokaci na lura ba hayaniya ba ce kawai. Duk gudun nan, makaɗan a tare suke tsayawa, a tare suke tashi, ba mai riga wani. Wanda ya yi aikin layi, inda kowa ke miƙa wa na gaba, ya san wahalar hakan.

Na cire. "Mai gangar nan hannu nawa gare shi?"

Na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ƙafa biyu yake sawa. 'Yan Osaka ne, sunansu Haƙorin Tsatsa. Kaset ɗaya suka yi, Guduma Ta Tara, suka watse. Waƙa shida. Ba wanda ke da shi a Brazil. Edivaldo wata biyu yana jira."

"Wane ne Edivaldo?"

"Makaniken babur ne. Turancinsa ya fi nawa muni."

Maganar Tomie ce ta zo mini. Ina da kan sarki a cikin walat, na saya tun Juma'a. In na tura mata su, magana ta ƙare, kowa ya huta, ita kuma ta ci gaba da zama a bayan ƙofar nan ba ta da abin da zai fito da ita. Na bar walat ɗin inda take.

"Chizuru, ga yadda za mu yi. Kuɗin aikawa ni zan biya, ko kaset nawa ne. Gam kuwa an gama da shi. Amma ni ba zan ɗauka ba, mamarki ma ba za ta jefa a akwati ba. Mai saƙo shi ke kawowa kantar gidan waya a auna a sikeli."

Ƙofar ta rufe.

Na zauna ina kallon takardar da aka liƙa a jikin ƙofar. Tomie na tsaye a ƙarshen baranda da kwandon wanki, kallon da take yi mini ba sai na faɗa ba. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata. Na dafa bango zan miƙe, ƙafar ta ƙi.

"Baba."

"Na'am."

"Wace rana ce ba mutane a gidan wayar?"

"Talata. Wajen ƙarfe biyu, bayan 'yan ofis sun koma. Tsofaffi biyu ko uku kawai."

"Kai za ka tsaya a kantar?"

"Ba wurina ba ne. Amma zan roƙi Sakaguchi."

Sannan na ji ƙarar takarda, tana ɓamɓare kan sarkin daga jikin ambulan, ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ka yi mini magana a gaban mutane," ta ce. "Ka auna kawai."