Ragon Ranar Awo

Shekarar ƙarin albashin Udoji ciwon ya kama Jumma, matar Alhaji Bamanga mai fataucin shanu a Gombe. Gaɓoɓinta suka kumbura, fuskarta ta yi tabo. Likita ya ce lufus ne, jiki ke yaƙar kansa, kuma yakan taɓa ƙoda. Don haka duk wata za a ɗebi jininta a auna dattin da ƙodar ta kasa tacewa.

Bamanga bai yi musu ba. Amma a saninsa, jikin da za a rage wa jini sai an fara cika shi. Tun ana jibi awo yake yanka rago, a yi ta ɗura wa Jumma nama.

Dattin ya yi ta hawa. Likita ya canza magani a banza, sannan ya tambayi abin da take ci.

Da ya ji, ya cire tabarau. "Alhaji, naman nan ke ɓata awon. A daina."

Jumma ta gyara mayafi. "Likita, tun da ya aure ni ko zakara bai taɓa yanka mini ba sai da aka fara awon nan. Ka ci gaba da awonka."