Tawada a Babban Yatsa

…Talata, sha huɗu ga watan Maris, ƙarfe tara da kwata. A ranar abin ya fara, kuma Malama ba ta manta kwanan wata. Shekara talatin da huɗu tana rubuta shi a saman allo kafin ta yi ritaya. Yanzu ga ta kwance rigingine, hannun riga a naɗe, alluran magani tara a tsire a jikinta — ta ƙirga, ita komai sai ta ƙirga — biyar daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, huɗu a ƙafa. Me ya haɗa ƙafa da ciwon hannu? Ta tambaya ranar farko. Likitar ta yi murmushi, ta riƙe wuyan hannunta tana sauraron jini, sannan ta ce ta fiddo harshe. Harshe… ita da ta tsufa tana hana yara gwalo.

Amma ba likitar ce mai laifi ba. A'a, wannan baiwar Allah, sai ta murza tafinta ya yi ɗumi kafin ta taɓa mutum. Wa ke yin haka yanzu?

Ta teburin ƙofa ce. Akawun. Auta ce ta karɓi takardar sababbin zuwa, ta ce, “Mama ba ta iya rubutu.” Gaskiya ta faɗa: wata bakwai hannun dama a sandare, yatsu sun ƙi kama biro. Ita kuwa waccan, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta rubuta: ba ta iya rubutu ba. Ɗan ƙaramin “ba” guda a wutsiya — ya mai da mai ciwo jahila. Sai ga tawada an turo.

“Iya, a dangwala nan.”

A gaban mutum goma sha ɗaya. Har da wani mai sanƙo da ita ta koya masa riƙe fensir. Ya sunkuyar da kai kamar ranar da ya jiƙa wando a aji ɗaya. Kuma ta dangwala… abin da ke ci mata rai ke nan, ta dangwala. Ciwo ya kashe mata baki. Kwana uku shuɗin yana yatsa, sabulu ya gaza.

Wani nauyi yana tafiya daga gwiwar hannu zuwa yatsu, mai ɗumi, kamar ana tsiyaya ruwa a cikin ƙashi. An gaya mata za ta ji haka. Da ta zaci irin allurar rigakafi ce, ta zo da haƙora a cije — ashe sirara ne kamar gashi, cizon tururuwa ma ya fi su zafi. Ki ci abinci kafin ki zo, ki sa sakakkiyar riga, kada ki sa ran warkewa rana ɗaya. Minti ashirin a kwance, ba motsi. Ta bi ƙa'ida, ita da ma mai bin ƙa'ida ce. Zuwa na uku ta yi barci a nan, har da minshari in ji Auta. Sharri ne.

Yau zuwa na bakwai. Jiya da hantsi ta ɓalle maɓallin rigarta da kanta, ta tsaya tana kallon yatsun kamar baƙin da suka dawo daga tafiya. Allah ya saka wa likitar nan, ya jiƙan iyayenta, ya… to amma wasiƙar ƙorafi a kan akawun fa?

Auta ta ce a bar zancen, ko kuma ita ta rubuta mata wasiƙar a waya. A waya! In wani ya rubuta mata, ai akawun ta yi gaskiya ke nan. Da hannunta za ta rubuta, da jan biro, ko zai ɗauke ta mako — ko kuwa hannun ba zai kai ba? In ya tsaya a maɓalli fa?

Likitar tana zare alluran ɗaya bayan ɗaya, tana danna auduga. Malama ta ce a ara mata biro da takarda. Yatsun sun kama… da ƙyar, amma sun kama. Harafin farko ya karkace, da ɗalibi ne da ta ce ya sake. Ba ta sake ba. Gumi a goshi, kafaɗa tana zogi, layi ɗaya ya cinye mata ƙarfi duka:

Ina so a ba ni haƙuri a ɗakin jira, a tsaye, da murya, a gaban kowa —