Na Ƙarshe a Layin Zaɓe

Sau biyu kacal a cikin shekara huɗu titinmu na Tudun Wada yake yin tsit har mutum ya ji kukan tantabarun maƙwabta, wato ranakun Asabar ɗin zaɓe. Ba mota, ba keke mai ƙafa uku, ba ɗan acaɓa mai danna oda a kunnen bayin Allah. A waɗannan ranakun ne kuma kawai mahaifina, Malam Attahiru, yake haɗuwa da yayana Kailani.

Bari in faɗi abin da ya raba su, don kowa a layinmu ya sani. Innarmu Rakiya ta rasu ne wata Talata da hantsi, shekara tara da suka wuce. Yaya Kailani yana wurin aikinsa a Kano, suna cikin wani taro, wayarsa a kashe. Ba a same shi ba sai bayan sha biyu. Baba ya riga ya sa jana'iza ƙarfe biyu da rabi. Ƙarfe biyu daidai Yaya ya bugo daga Kwanar Dangora yana kuka, yana roƙon a jira shi awa ɗaya tak ya ga fuskarta. Baba ya ce ba a jinkirta gawa, kuma gaskiya ya faɗa, haka aka karantar da mu. Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi. Amma da Yaya ya iso ana zaman makoki a zaure, sai Baba ya dube shi a gaban jama'a ya ce, “Ga wanda ofis ya fi masa uwa ya iso.”

Tun daga ranar Yaya bai sake tsallaka ƙofar gidan nan ba. Yana bugo min waya, yana aiko da saƙo, yana tambayar lafiyar Baba har ya ishe ni. In na ce ya zo ya gani da idonsa sai ya ce, “Rauda, zauren ne ba na iya shiga.” Sai dai abu ɗaya: bai taɓa sauya wurin katin zaɓensa ba. Rumfarsa har yau ita ce ta gindin mangwaron da ke ƙofar gidanmu. Sai ya taso ranar Juma'a, ya kwana gidan wani abokinsa a unguwar Kongo, da safe ya tako da ƙafa, ya durƙusa ya ce “Baba ina kwana,” Baba ya ce “Lafiya lau,” shi ke nan. Baba kuwa da ma an riga an shigar da shi gaba ya jefa ƙuri'arsa, don a nan ba a barin tsoho ya tsaya a layi. Sai ya shige gida, Yaya ya bi layi, ya gama, ya kama gabansa. Mutum biyu masu taurin kai iri ɗaya, ni ce a tsakiya ina cin wuya.

Bana idanun Baba sun tafi. Yanar ido ta rufe su, ya ce duniya ta zama kamar an zuba nono a ruwa. Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci zaɓe, bayan La'asar, suna zaune a dakali shi da amininsa Alhaji Nagoda mai shagon atamfa, ni kuma na fito musu da shayi. A rediyo ana ta muhawara kan ko ya kamata a ɗauke zaɓe daga Asabar a mayar da shi ranar aiki.

Alhaji Nagoda ya buga cinya. “Yawwa! Yau na ji masu hankali. Malam, Asabar fa ita ce ranar cinikinmu, ita ce ranar biki. Ɗaurin aure uku aka ɗage a layin nan saboda jibi. A kai shi Talata ko Laraba, a ba ma'aikata hutu, kowa ya huta.”

Ni ma na sa baki, don ni malamar firamare ce, Asabar ɗin nan ita kaɗai ce tawa. Na ce, “Wallahi Baba Alhaji ka yi gaskiya. Wankina kaɗai ya isa a tausaya min.”

Baba ya kurɓi shayinsa. Ya ce, “Hutun da za su bayar na yini ɗaya ne. Asabar tana da Juma'a a gabanta, tana da Lahadi a bayanta. Wanda ke nesa ya zo, ya kwana, ya koma a tsanake. Talata me take da shi?”

“To ai sai kowa ya mayar da katinsa inda yake zaune,” in ji Alhaji.

Baba ya ajiye kofinsa. A hankali ya ce, “Alhaji, Talata ba ta kawo min shi a kan lokaci ba ko ranar da uwarsa ta rasu. Ku bar min Asabar ɗina.”

Alhaji Nagoda ya rage sautin rediyon. Ni kuwa kunya ta kama ni, na kwashe kofuna na shige ciki.

Ranar Asabar tun kafin takwas Baba ya yi wanka, ya sa farar babbar rigarsa, ya ce in fitar masa da kujera gindin mangwaro. Gari ya yi wani irin lumui. Titin da kullum sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka shi ya zama fili fetal, awaki na kwance a tsakiyarsa suna tuƙa. Daga can nesa ana jin wata mata tana daka. Baba ya karkata kai yana saurare, ya yi murmushi.

“Haka Tudun Wada take lokacin da na kawo uwarku,” in ji shi. “Daga nan kana jin jirgi ya yi kuka a tasha. Ita kuma in tana daka sai ta riƙa jefa taɓarya sama tana tafi. Kin ji? Irin dakanta ke nan.”

Na ce masa matar maƙwabcinmu Salmanu ce, kuma wallahi ba ta iya daka ba. Ya ce in rufe masa baki.

Jami'an zaɓe suka iso, suka kafa teburinsu. Shugabarsu wata matashiya ce mai bautar ƙasa, mai fara'a, Hausarta da ɗan gargada. Layi biyu suka miƙe, na maza da na mata. Tana gama jera takardu ta zo ta rusuna gaban Baba.

“Baba, ka taso ka fara. Tsofaffi ne farko.”

“Na gode ’yata. Zan bi layi.”

Mutane suka ɗauka wasa yake. Alhaji Nagoda, wanda tuni ya kama gaban layi, ya ce, “Malam, wane irin layi kuma da furfurarka? Taso a sallame ka.” Matasa suka shiga cewa “Baba bismillah, Baba wuce gaba.” Baba ya yi kunnen uwar shegu da su. Ya sa na ja masa kujerar zuwa ƙarshen layin maza. Duk wanda ya zo ya tsaya a bayansa sai ya ce, “Wane ne? Wuce gabana.” In layin ya matsa, shi ba ya matsawa.

Na jefa tawa na dawo na zauna kusa da shi a kan turmi. Tara ta yi, goma ta yi, babu Yaya. Na kira wayarsa, a kashe. Na kira abokinsa na Kongo, ya ce shi ma jiya ya yi ta zuba ido bai gan shi ba. Na rasa yadda zan faɗa wa Baba, shi kuwa ashe ya ji komai.

“Zai zo,” kawai ya ce.

Rana ta take. Inuwar mangwaro ta riƙa janyewa, ina jan kujerarsa ina bin ta. Zafi da shiru suka sa gyangyaɗi ya riƙa fizgata. In na lumshe ido sai in ga Inna ta leƙo daga zaure da mayafinta mai ruwan ƙasa tana cewa mu shigo abinci zai huce, in na buɗe sai in ga labule ne iska ke kaɗawa. Baba kuma yana ta magana ƙasa-ƙasa, ban san ko da ni yake ba ko da ita. Ya ba da labarin ranar da ya fara kai Kailani makaranta a kan kekensa, yaron ya riƙe masa riga gam har ta yage. Ya ce duk wanda ya doso daga bakin titi yana ganinsa kamar inuwa a cikin ruwa, amma tafiyar ɗansa ba za ta ɓace masa ba, don yana ɗan jan ƙafar hagu irin na kakansa.

Aka kira Azahar. Na ce ya shiga ciki ya yi salla ya ɗan kishingiɗa. Ya ƙi. A nan na kawo masa buta da darduma, ya yi sallarsa a ƙarshen layi. Raina ya ɓaci, na ce, “Baba, shekara tara kana da bakin da za ka kira shi a waya ba ka kira ba, sai yau za ka kashe kanka a rana?”

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Rauda, awa ɗaya ya roƙe ni. Ban yi kuskure da na binne ta a kan lokaci ba. Amma maganar da na faɗa masa a zaure, ita ce take hana ni barci. Ba a waya zan janye ta ba, a gaban mutane na faɗe ta. Kuma ban san ko zan ga wani zaɓen ba.”

Na juya baya don kada ya ji ina share hawaye.

Layin maza ya ragu, saura mutum biyar, saura uku. Jami'ar ta duba agogonta ta ɗaga murya ta ce ƙarfe biyu da rabi ta yi, an rufe layi, wanda ke ciki kawai zai jefa. Ta sa wani ɗan sanda ya tsaya a bayan kujerar Baba, alamar daga shi babu wani. Ƙarfe biyu da rabi. Na ga leɓen Baba yana motsi, na san shi ma ya tuna.

Na gabansa suka gama. Ta zo ta durƙusa. “Baba, saura kai kaɗai.”

“’Yata, ba na gani. An ce makaho yana da damar zaɓar wanda zai kama masa hannu, ko ba haka ba?”

“Haka ne Baba. Ga ’yarka nan.”

“Ba ita na zaɓa ba.”

Wakilan jam'iyyu suka fara gunaguni, suna so a fara ƙirga. Alhaji Nagoda, mutumin da ya fi kowa ƙorafin an ɓata masa Asabar, shi ya miƙe ya daka musu tsawa. “Kai! Ina za ku? Shagunanku a rufe, titi a rufe. Ku zauna!” Jami'ar ta dubi Baba, ta dubi tulin takardun da ke gabanta, ta ce tana da ragowar takardu da za ta jera tukuna. Na lura a hankali take jera su ƙwarai, Allah ya yi mata albarka.

Baba ne ya fara ɗaga kai, tun kafin ni mai ido in ga komai. Can ƙarshen titi, inda zafi ke sa kwalta rawa, wani mutum yana tahowa da jaka a kafaɗa, takalmansa a hannu, yana jan ƙafar hagu. Daga baya muka ji motar da ya shiga ce ta lalace a Tashar Yari, wayarsa ta mutu, da safe kuma ba abin hawa. Wani manomi ya rage masa hanya a babur, sauran ya tako.

Ya iso yana haki, ya ga ɗan sanda a ƙarshen layi, ya gane ya makara. Na ga fuskarsa ta canza, irin canzawar da ta yi a zaure shekara tara baya. Ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

“Baba ina wuni.”

Baba ya miƙe ba tare da sandarsa ba. Ya miƙa hannu yana lalube a iska, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke gindin mangwaron zai ji.

“Kailani, na jira ka. Tun safe nake nan, ban tafi ba. Maganar da na faɗa maka ranar rasuwar uwarka ba gaskiya ba ce, baƙin ciki ne ya sa ni. Ka yafe min. Zo ka kama min hannu.”

Yaya ya saki takalman suka faɗi. Ya tashi ya kama hannun, yana kuka yana cewa “Baba, Baba.” Haka ya ja shi a hankali zuwa teburi, aka tantance Baba, suka shiga bayan ɗan shingen dangwala ƙuri'a tare. Daga inda nake ina hango hannun Yaya riƙe da babban yatsan Baba. Sun daɗe a ciki fiye da yadda dangwala ƙuri'a take buƙata, kuma ba wanda ya ce su yi sauri.

Yaya bai samu ya jefa tasa ba, layi ya riga ya rufe. Da suka fito jami'ar ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Baba bai saki hannunsa ba. Ya ce, “Kai ni ciki, na gaji.”

A bakin zaure Yaya ya ɗan tsaya, ƙafafunsa duk sun yi bororo. Baba ya tsaya tare da shi, bai ja shi ba. Sannan Yaya ya ɗaga labulen, suka shiga. Na tsinci takalmansa daga tsakiyar titi na bi bayansu.