Gara a Gindin Rumbun Tsimi

Da hantsin wata Laraba, cikin bazarar shekarar da mudun gero ya fi ƙarfin talaka, Mika'ilu ya zagaya bayan gida kamar mai neman kaza. Ya waiga bai ga kowa ba, ya durƙusa a gindin rumbun mahaifinsa, ya zura hannu zai jawo kwalin littattafansa. Kwalin ya ƙi motsi. Da ya ƙara ja, sai gefensa ya ɓallo a hannunsa, jar ƙasa ta zubo, ga fararen ƙwari suna kai-komo a kan yatsunsa. Gara ce.

Ba sai an rufa masa asiri ba, littattafan ya fara tausaya wa. Sai da ya kwanta rub da ciki ya leƙa sannan ya ga girman ɓarnar. Gara ta yi gini tun daga ƙasa, ta bi jikin kwalin, ta kama itatuwan da suka ɗauki rumbun, ta ɓace a cikin zanar gindinsa.

Kowa a ƙauyen nan ya san dalilin da ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu. Ana barin sarari ne don iska ta ratsa, kaji su shiga su yi tsince, kada wani abu ya haɗa ƙasa da hatsi. Malam Sabo, mahaifin Mika'ilu, har toka yake zagaya wa kowane dutse, kuma Mika'ilun ne ke ɗebo masa tokar. Ya sani sarai. Amma mai neman maɓoya ba ya dogon tunani. Ya cusa kwalin tsam-tsam tsakanin ƙasa da itace, ya kare shi da tsohuwar tabarma don kada kaji su tona masa asiri. Wato ya kafa wa gara tsani, ya ajiye mata guzuri a hanya, ya kuma sallami masu gadi.

Da wani rumbun ne ma da sauƙi. Wannan rumbun tsimi ne, wanda ba a taɓawa sai damina ta yi nisa, ƙaramin rumbu ya ƙare, kasuwa ta gagara. A cikinsa abincin gidan yake har zuwa kaka, a cikinsa irin shuka yake. Ga shi bakuna sun ƙaru, don yayarsa Maijidda ta dawo daga Ungogo da 'ya'ya uku tun da tsadar mai ta kori mijinta daga tuƙin adaidaita, ya nufi kudu neman abin yi.

Abin da ya kai littattafan gindin rumbu kuwa, bara ne. An aiki Mika'ilu Ɗambatta ya karɓo takin da ake rabawa manoma. Layi ya yi tsawo, ya samu inuwa, ya ciro littafi daga aljihu. Aka kira sunan Malam Sabo har aka gaji, aka ba wani. Gonar da ba ta ga taki ba kuwa ba ta yi wa kowa kara ba. Malam Sabo ba mafaɗaci ba ne, amma ranar ya ce in ya sake ganin littafin tatsuniya a gidansa, murhu ne makomarsa. Mika'ilu ya ce zai kai su wajen abokinsa. Bai kai ba.

Ta yaya zai kai? Tun da ya gama sakandare ya rasa gaba ya rasa baya, littattafan nan ne kaɗai wurin da yake ganin an fara abu ya kai ƙarshe. A cikinsu mai tafiya yana isa, mai neman aiki yana samu, wanda aka zalunta ana bi masa haƙƙi kafin shafi ya ƙare. A nan kuwa sai jira. A jira ruwa, a jira kaka, a jira kiran da ba ya zuwa. Akwai mai jan bango, labarin 'yar masunta da ta ƙi barin jirgin ubanta. Akwai na ɓarayin shanu, da wani na soyayya da yake jin kunyar a gan shi da shi. Amma abin ƙaunarsa shi ne wani tsohon littafi da bangonsa ya daɗe da cirewa, wanda a gida ake ce wa na direba. Labarin direban babbar mota ne da motarsa ta mace a baƙon gari, wata tsohuwa ta sauke shi ta kawo masa tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana narkewa a kai, ga zabuwa guda a gefe. Wurin nan Mika'ilu ya karanta shi har takardar ta yi baƙi. Mahaifiyarsa Hure ma, wadda ba ta san boko ba, in tana ɓarar gyaɗa takan ce, “Kai, koma mana wajen tsohuwar nan.”

Yanzu dai ga shi kwance a ƙasa da ƙasar gara a hannu. Ya yi ƙoƙarin ciro kwalin, ya ga in ya ja da ƙarfi tabarmar za ta faɗi, komai ya fito fili. Ya ɗebo toka ya watsa, ya san shafa ce kawai. Abin da ya riga ya shiga ciki, toka ba ta kiransa ya fito.

Ya yini yana lissafin banza. Wataƙila ba ta kai ga hatsin ba. Wataƙila takardar ta ishe ta. To in ta kai fa? Gara ba ta hutu, ba ta sallar Juma'a, yana zaune a nan tana can tana ci. In ya faɗa, ya tona wa kansa asiri cewa ya yi wa mahaifinsa ƙarya. In ya yi shiru, ranar da aka ɗaga jinkar rumbun a tsakiyar damina aka tarar da ƙasa, ina za a sa kai? Tsoro ya hana shi sakat. Aka kawo kunu ya kurɓa ya ajiye, don ji yake kamar daga bakin yaran Maijidda yake ƙwata.

“Lafiyarka kuwa?” in ji Hure. “Tun safe kake zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.”

“Lafiya lau, Inna. Zafi ne.”

“Zafin da ya bar kowa ya zaɓe ka. Allah ya sawwaƙe.”

Washegari Mika'ilu yana gyara ƙotar fartanya a zaure, mahaifinsa na zaune a gefe, sai ga Ɗanliti, maƙwabcinsu, ya yi sallama. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi kukan zamani, sannan Ɗanliti ya sunkuyar da kai ya ce ko da ɗan abin da za a rage masa, yara sun kwana da ruwan zafi.

“Ɗanliti, kai ma ka san yadda gonata ta yi bara,” in ji Malam Sabo. “Abin da ya rage sai dai a hankali. Allah ya kawo mana ruwa da wuri.”

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai buɗe ciki ba. Haka ake yi. A shekara irin wannan ba wanda ke bari a san abin da ke rumbunsa, ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya, domin in aka sani, to ya zama na kowa. Ɗanliti ya tafi yana godiya. Malam Sabo ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, “Ba don rumbun nan ba, da ni ma ina ƙofar wani.” Mika'ilu ya ajiye ƙotar ya fice.

Abin da ya yanke masa shawara hadari ne. Da safiyar Juma'a gabas ta yi duhu, iska mai ƙanshin ƙasa ta kaɗa, sannan ta washe ba a samu ko yayyafi ba. Mutane suka yi ta murna, ruwa ya kusa. Shi kuwa bai yi murna ba, don in ruwa ya sauka ba sauran ranar da za a shanya dami. Ya tarar da mahaifinsa yana ba akuya harawa, ya durƙusa.

“Baba, gara ta hau rumbun tsimi.”

Malam Sabo ya juyo a hankali. “Ta ina?”

“Akwai kwali a ƙarƙashi. Na littattafaina ne. Ban kai su ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun kaka.”

Mika'ilu ya jira mari, ya jira zagi, da ya samu ɗaya da ya ji sanyi. Malam Sabo ya kakkaɓe hannunsa kawai ya ce, “Ɗauko tsani.”

Suka ɗaga jinkar. Dammunan sama lafiyarsu ƙalau, gero jawur, har Mika'ilu ya fara sakin numfashi. Mahaifin yana ciki yana miƙowa, shi yana karɓa. Tun yana miƙo masu nauyi har suka fara zuwa da sauƙi, har aka zo wanda igiyarsa ta tsinke a hannu, zangarniyar ta ruguje, ƙasa ta zubo masa a ka. Sahun ƙasa duk ya tafi, na bisansa ma rabi da rabi. Hure ta tsaya daga nesa ta dafe baki tana salati.

Kuma tsugune ba ta ƙare ba. Dole kowane dami ya sha rana a kakkaɓe shi, in ba haka ba a mayar da ɓarna ciki. Tsakar gida ba ta ɗauke su ba, ga awaki, ga yara. Malam Sabo ya dubi sama, ya dubi hatsin, ya ce a fitar ƙofar gida. A ranar Juma'a, a kan hanyar masallaci, asirin da ya rufe tun kaka ya kwanta a rana kowa yana gani.

Ba wanda ya ce komai mara daɗi. Sannu da aiki, Allah ya mayar da alheri, Allah ya tsare gaba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ana saukowa daga masallaci Ɗanliti ya tsaya a gefe, bai roƙa ba, ya tsaya dai. Larai, matar ƙanin Malam Sabo da ya rasu, ta aiko a yi jaje, kuma 'yar aiken da ƙwarya ta zo. Wani tsoho ya tuna cewa kakansu ɗaya. Mutum yana iya cewa sai a hankali in rumbu yana rufe, amma wa zai faɗi haka da gero shimfiɗe a gabansa? Malam Sabo ya ɗauki dami ya ɗora wa Ɗanliti a ka, ya sa aka kai wa Larai nata, ya ba wancan, ya ba wancan, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Mika'ilu ne ke ɗagawa, kowane dami yana jin nauyinsa har cikin ransa.

Da la'asar suka sake shimfiɗa gindin rumbun, suka mayar da abin da ya saura, aka ware iri daban. Hatsin da a da yake taɓa jinka, yanzu sai an sunkuya ake hango shi. Sannan Malam Sabo ya sa fartanya ya jawo kwalin. Curi ne na ƙasa. Ya buga shi ya tarwatse, kaji suka rufa a kai. Ba abin da ya fito sai ɗan yankin jan bango da wasu gutsattsarin takarda da ba a iya haɗa kalma biyu a jiki. Hawaye ya zubo wa Mika'ilu, ya ji kunyar kukan, ya kuma kasa tsayar da shi.

Malam Sabo ya juya gutsuren da ƙafa. “Wanda uwarka take so ɗin nan, na direba. Ka iya shi da ka?”

“Na iya, Baba.”

“Sauran fa?”

“Kusan duka.”

“To madalla. Daga gobe tuwo sau ɗaya ne a gidan nan, sai kunu da safe. Mu manya mun san haƙuri. Yaran nan ba su sani ba. In rana ta take suka fara kuka, kai za ka zaunar da su ka yi ta ba su labarin har su manta. Aikinka ke nan har Allah ya kawo kaka.”

Washegari bayan azahar ba a hura wuta ba. Ƙaramin yaran ya fara ƙananan koke-koke yana jan zanin Maijidda, ita kuwa ta kau da kai tana kallon danga. Mika'ilu ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbun ya kira su. Hure ta jawo kujerarta kusa, ba gyaɗar ɓara, hannunta a cinya.

Ya fara. Labarin ya kama hanyarsa. Direba ya taso da asuba, ya tsallake gada, ya tsere wa 'yan fashi, yara suka buɗe baki, ƙaramin ya manta da kukansa. Mota ta fara tari, ta fara hayaƙi, ga fitilun baƙon gari can gaba. Mika'ilu ya ji kalmomin suna tahowa da kansu, tsohuwar, da akushin, da man shanun da ke narkewa. Ya dubi bakin yaran, busasshe.

“Kawu, sai me?” in ji Mairo, babbar cikinsu. “Ya tsaya a garin?”

Mika'ilu ya girgiza kai. “A'a. Ya taɓa wata waya, mota ta tashi. Ya wuce, bai tsaya ba.”

Hure ta ɗago ta dube shi. Ta buɗe baki kamar za ta gyara masa, sai ta sa gefen mayafi ta share ido.

“Haka ne,” ta ce. “Wucewa ya yi. Ci gaba.”